Gado Takwas a Kan Wutar Bolt 208: Nazarin Wayarin Shagon Duhunta Fata a Amurka

Yayin da likitocinmu ke fama da masu shafe-shafen bilicin, a Amurka akwai sana'a guda ta masu biyan kuɗi don fatarsu ta yi duhu. Mutum zai shiga ɗan ƙaramin ɗaki, ya kwanta cikin wani gado mai murfi kamar akwati, dogayen fitilu sama da ƙasa su yi ta zuba masa hasken UV, irin hasken rana mai ƙona fata, na minti goma zuwa ashirin. Masana lafiya ba su yarda da abin ba. Tun 2009 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan injina a rukuni na 1 na abubuwan da ke jawo daji, kuma a wannan shekarar Brazil ta haramta su don kwalliya. A Amurka doka ta bar sana'ar, sai dai ta ɗaure ta da sharuɗɗa, kuma mai wayarin da aka kira irin wannan shago aikinsa ya fi na shagon aski ko na gyaran gashi nauyi nesa ba kusa ba.

Shagon da za a duba a nan na misali ne, an gina shi a kan yanayin da ya fi maimaituwa, alƙaluman injinan kuma irin waɗanda ake gani ne a farantin bayanai da ke jikinsu. Dokar da aka bi ita ce kundin wayarin lantarki na Amurka, NEC, wanda ƙungiyar kare gobara ta NFPA ke sabuntawa duk shekara uku. An yi amfani da bugun 2020. Kowace jiha ko ƙaramar hukuma tana da bugun da ta karɓa, lambobin sassa kuma suna ɗan motsawa daga bugu zuwa bugu, don haka tambayar farko da ake yi wa ofishin sifeto mai duba wayari ita ce wane bugu yake aiki da shi.

Abin da aka tarar

Shagon ɗaya ne daga cikin jerin shaguna masu rufi ɗaya da ake ginawa a bakin manyan tituna. Faɗinsa ƙafa murabba'i 1,600, wajen mita murabba'i 150. Wanda ya tashi daga ciki mai sayar da tufafi ne, ya bar fanel mai amfiya 200, fes uku da nutural, bolt 120/208, da esi mai tan 5 (ma'aunin ƙarfin sanyi) a kan rufi.

Sabuwar mai hayar ta sayi injina takwas. Ƙananan gadaje huɗu, kowanne da fitila 32 masu wat 100, farantinsu ya ce bolt 230, fes ɗaya, amfiya 20, breka 30. Matsakaita biyu masu fitilun wat 160 da ƙarin fitilun fuska, amfiya 38, kada breka ta wuce 50. Rumfar tsaye ɗaya, wadda ake shiga a tsaya, amfiya 36, breka 50. Sai babban gado ɗaya mai fes uku, bolt 230, amfiya 35, breka 50. Littafin injinan ya yarda da wuta tsakanin bolt 220 da 235.

Ta sa hannu a takardar haya ne bayan ta leƙa fanel ta ga brekoki masu ƙafa biyu, ta ɗauka akwai "220". Nan kuskuren ya fara. Gidajen Amurka suna samun 120/240 daga fes ɗaya da aka raba a tsakiya, amma yawancin ƙananan gine-ginen kasuwanci haɗin tauraro ake ba su: 120 tsakanin kowane fes da nutural, tsakanin fes biyu kuwa 120 sau 1.732, wato 208. Mai wayarin da ya koyi aiki a Kano bai san wannan ruɗanin ba, tunda a Najeriya 230 ɗin tana nan tsakanin fes da nutural.

Lissafin lodi

Ƙananan gadaje: bolt 230 sau amfiya 20 ya ba da VA 4,600, huɗu sun zama 18,400. Matsakaita biyu 17,480. Rumfar tsaye 8,280. Babban gado 230 sau 1.732 sau 35, wato 13,943. Jimla kVA 58.1, kowane kVA VA dubu ne. Idan aka raba da 360, wanda shi ne 208 sau 1.732, an sami amfiya 161 a kowane fes. Fanel ɗin 200 ne, saboda haka a ido kamar za a sha.

Ba za a sha ba, domin duk wat ɗin da gado ya ci zafi yake komawa a cikin ɗakin. In aka ɗauki kashi 90 cikin 100 na kVA 58.1 a matsayin ainihin wutar da ake ci, an sami kilowat 52.3. A ma'aunin zafi na BTU, kowane kilowat BTU 3,412 ne a awa, jimla kusan 178,000, tan ɗaya na sanyi kuma BTU 12,000 ne. Gadajen kaɗai suna bukatar kusan tan 15, ban da zafin rana a kan rufi da na mutane da fitilun ɗaki, wanda tsohuwar esin ke ɗauka. Dole aka ƙara esi biyu masu tan 7.5 kowacce. Farantin sababbin ya nuna amfiya 40 kowacce, tsohuwar 28, jimla 108, wato kVA 38.9. Wasu suna rage wannan ta hanyar jan iskar manyan gadaje da bututu zuwa waje. Dabara ce mai kyau, amma iskar da aka fitar sai wata ta maye gurbinta daga waje, ita ma kuma da rani sai an sanyaya ta.

Sauran ƙananan kaya ba su da wuya. Fitilun shago kVA 3, an ninka da 1.25 saboda suna wuni a kunne. Allon talla na waje VA 1,200 kamar yadda sashe na 220.14 ya tanada, shi ma da 1.25. Soket 20, kowanne VA 180. Injin busar da tawul kVA 5, injin wanki 1.5, tukunyar dumama ruwa kilowat 4.5 wadda sashe na 422.13 ya ce a ɗauke ta a matsayin lodi mai ɗorewa. Gaba ɗaya kVA 21. Babbar jimla kVA 118, amfiya 328.

An kawo shawarar a duba tarihin mita ta sashe na 220.87, wanda ya yarda a auna lodin gini da mafi girman abin da ya ci a shekara. Wannan ba ta da amfani a nan, tunda tarihin mai sayar da riguna ne.

Sai gardamar da ba ta ƙarewa a wannan sana'a: shin gadon lodi ne mai ɗorewa? Ma'anar da kundin ya bayar ita ce lodin da zai kai awa uku ko fiye yana jan cikakkiyar wutarsa. Gado yana aiki minti 12 ko 20 ya mutu, don haka a rubuce bai shiga ba. Amma daga Maris zuwa Yuni, lokacin da kasuwar ke ci, tsakanin mai fita da mai shiga minti biyar ne na goge gado, fankokin sanyaya fitilu ma ba su gama tsayawa ba. Waya da breka ba sa hucewa a wannan ɗan tsakanin. Wasu sifetoci suna tilasta 1.25, wasu ba sa yi. A nan an lissafa da ita: gadajen sun koma kVA 72.6, jimla 132.5, amfiya 368. Da ita ko ba ita, amsar ɗaya ce, shigar wuta mai amfiya 400. An ja waya 3/0 ta tagulla biyu-biyu a kowane fes, cikin bututu biyu masu tsawo ɗaya.

Canjin ya jawo abin da ake yawan mantawa. Kamfanin wuta ya bayar da takardar ƙarfin wutar da za ta iya kwarara idan waya ta haɗu da waya, adadin kuma ya haura amfiya 10,000 da brekokin gama-gari ke iya katsewa. An sayi masu 22,000, aka kuma rubuta adadin da ranar lissafi a jikin akwatin shigar wuta kamar yadda sashe na 110.24 ya ce.

Daga 208 zuwa 229

Gadajen nan da cok da sitata da kafasita suke aiki, tsarin doguwar fitilar da aka sani. In aka ba su 208, fitilu suna wahalar kamawa, musamman da sanyin safiya. Sitata ta yi ta bugawa, bakin fitila ya yi baƙi tun kwananta bai kai ba, haske ya ragu, masu zuwa su ce gadon ba ya aiki. In kuma wuta ta wuce iyaka, cok ya yi zafi ya ƙone, hasken UV ya fi wanda aka gina jadawalin mintoci a kansa, a ƙona wa mutane fata. Ko ta wane gefe aka fita daga iyakar littafi an karya sashe na 110.3(B), wanda ya wajabta a girka inji yadda mai ƙera shi ya rubuta.

Hanya biyu ce. Ko a sa babbar taransifoma ɗaya mai kVA 75 da fanel na gadaje zalla, ko a sa wa kowane gado ƙaramar taransifomar ƙari. Babbar tana da tsabtar aiki, sai dai tana bukatar wurin ajiya da nata haɗin at, wato wayar kariya da ke zuwa ƙasa, kuma ranar da ta lalace shago ya rufe. An zaɓi ƙananan.

Ita taransifomar ƙari ƙarama ce mai naɗi biyu, na farko na bolt 120 ko 240, na biyu na 12 ko 24, akwai kuma mai 16 ko 32. Ana haɗa naɗin biyun a jere, sai wutar naɗi na biyu ta hau kan wadda ta shigo. Ƙarin kaso ne na wutar da ta shigo, ba adadi ne tsayayye ba. Mai 24 a kan 240 tana ƙara kashi 10 cikin 100, 208 ta koma 229. Mai 32 tana ƙara kashi 13.3, ta koma 236. Shi ya sa ba a saye sai an auna. An bar na'urar auna bolt a fanel na mako guda, ta nuna wuta tana yawo tsakanin 205 da rana tsaka da 211 da dare. Mai 24 za ta ba da 225 zuwa 232, cikin iyaka. Mai 32 za ta ba da 232 zuwa 239, ta wuce. Wanda ya ji "240" a bakin dillali ya sayo mai 32, shi zai yi ta canza cok.

Girman taransifomar ba da kVA na gado ake auna shi ba, da amfiyar da naɗi na biyu zai ɗauka ne. A raba VA na taransifoma da 24. Mai rabin kVA tana ɗaukar amfiya 20.8, mai 0.75 tana ɗaukar 31, mai 1 tana ɗaukar 41.7, mai 1.5 kuma 62.5. Abin da ya sa ke nan ƙaramar aba da mutum ɗaya zai ɗaga take ciyar da gadon kVA 8. Ƙaramin gado mai amfiya 20 zai shiga mai rabin kVA da ƙyar, amma a saman silin mai zafi za a ajiye ta, don haka an sa 0.75. Matsakaita da rumfar tsaye an sa musu 1.5.

Doka a asali ta hana a ciro layi daga irin wannan haɗi ba tare da nutural ba, amma sassa na 210.9 da 215.11 sun keɓe ɗaga 208 zuwa 240 ko sauke ta. Sashe na 450.4 kuma ya ce kariyar ta kasance a wayoyin shiga, kada ta wuce kashi 125 na amfiyar shigar taransifomar, kuma kada a kuskura a sa fis a jere da naɗin da ke tsakanin layukan biyu.

Akwai tarko biyu a nan, kuma duka biyun sun kama wannan aikin.

Na farko, amfiyar da ke fita daga fanel ta fi wadda ke rubuce a jikin gado da kashi 10, tunda ƙarin bolt ba kyauta yake zuwa ba. Gado mai 20 yana jan 22 a breka. Rumfa mai 36 tana jan 39.6, babban gado 38.5. In an ninka waɗannan da 1.25 duk suna shiga brekokinsu, rumfar ma da ƙyar, 49.5 a kan 50. Matsakaitan ne suka ƙi: 38 ta koma 41.8, sau 1.25 ta zama 52.3, breka 50 ta yi kaɗan. Ba a kuma iya ɗaura 60 kai tsaye, domin sashe na 422.11 ya hana a wuce adadin da aka rubuta a jikin inji. Mafita ita ce breka 60 a fanel ta ciyar da taransifoma da waya lamba 6 (a ma'aunin Amurka, ƙaramar lamba ita ce mai kauri), sannan bayan taransifoma a sa makatsi mai fis 50 a ɗakin gadon. Fis ɗin yana ganin 38 ne kawai, breka tana ganin 41.8, kowanne yana da sarari.

Na biyu ya fi haɗari. Ƙafa ɗaya ce kawai taransifomar ke ɗagawa. Ɗaya ƙafar tana nan a 120 zuwa nutural, wadda aka ɗaga kuwa tana kaiwa wajen 138. A ɗaki na uku wani yaron aiki ya ga akwati kusa, ya ciro soket ɗin fankar ƙasa da rediyo daga wayar da ta fito daga taransifoma. Ba don an auna kowane soket kafin a kunna komai ba, da sai warin ƙuna ya sanar. Soket da fitilar kowane ɗaki daga layin 120 na daban suke zuwa, kuma gadon da littafinsa ya nemi nutural ba a yi masa wannan haɗin sai an tabbatar da ƙafar da kayan 120 na cikinsa ke kai.

Babban gadon waya uku ne da at, ba nutural, don haka taransifoma biyu masu kVA 1.5 sun isa, a haɗin buɗaɗɗiyar delta. Da yana bukatar nutural, sai uku a haɗin tauraro, kowacce ta ɗaga 120 zuwa 132. Bayan haɗawa an duba juyin fes, saboda fanka ko kwamfuresa mai fes uku da ta juya baya tana ƙara kamar tana aiki alhali iska ba ta tafiya.

Waya, bututu da nisa

Kebul mai rigar roba da ake wayarin gidaje da shi haramun ne a saman silin mai ratayawa na ginin kasuwanci, sashe na 334.12 ya faɗa ƙarara. An yi amfani da bututun ƙarfe na EMT da wayar THHN. A wannan ginin sararin saman silin shi ne hanyar da iska ke komawa esi, don haka sashe na 300.22(C) ya hau kansa: komai cikin ƙarfe, wayar taima ma sai mai rigar da aka amince da ita a hanyar iska.

A zanen farko an tura layukan ƙananan gadaje huɗu cikin bututu ɗaya don a rage aiki. Waya takwas ke nan masu ɗauke da wuta. Lamba 10 ta THHN tana ɗaukar 40 a ginshiƙin digiri 90 na jadawalin 310.16, amma waya bakwai zuwa tara a bututu ɗaya suna sauke ta zuwa kashi 70. Zafin saman silin an ɗauke shi digiri 43, wanda ke kawo wani ragin na 0.87. Sakamako 24.4. Breka mafi girma da za ta kare wannan waya 25 ce, ba 30 ba. Sifeto ya mayar da zanen. Da aka raba bututu biyu, waya huɗu-huɗu, ragin ya koma kashi 80, aka sami 27.8, wanda doka ta yarda a kare da 30 tunda layin inji ɗaya ne.

Ɗakuna biyu na can ƙarshe suna da nisan ƙafa 110 daga fanel. Lamba 10 tana da om 1.24 a kowace ƙafa 1,000, zuwa da dawowa a amfiya 22 ana zubar da bolt 6. Wannan kashi 2.9 ne, ƙasa da kashi 3 da kundin ya ba da shawara, amma a duba abin da ya isa gado: 205 a cire 6, a ninka da 1.1, an sami 219, ƙasa da iyakar littafi. Da lamba 8 zubewar ta koma 3.8, gado ya sami 221. An sa lamba 8. Da zarar an ƙara kaurin wayar wuta saboda nisa, sashe na 250.122(B) ya ce a ƙara na wayar at daidai gwargwado, don haka ita ma ta tashi daga 10 zuwa 8. An ja wayar at kore a kowane bututu duk da cewa doka ta yarda bututun kansa ya zama at. Mutum ne zai kwanta da jiƙaƙƙen jiki cikin firam ɗin ƙarfe, bai kamata ransa ya rataya a kan sukurun haɗin bututu da wani ya manta bai ɗaure ba.

Rabon fes ya zo da sauƙi. Matsakaici ɗaya da ƙarami ɗaya a A da B, haka ma a B da C, rumfa da ƙanana biyu a C da A. Wannan ya ba da kVA 13.3 da 13.3 da 17.5. Aka ɗora injin busarwa a na farko, tukunyar ruwa a na biyu, suka daidaita a wajen 18.

Kowane gado yana da makatsi a ɗakinsa, a inda mai gyara zai gan shi yana aiki. Doka ta yarda breka ta wadatar in ana iya kulle ta da kwaɗo, amma mai canza fitila 32 da ƙarfe goma na dare ba zai je neman kwaɗo ba. Taransifomomin an rataye su a saman silin, abin da sashe na 450.13(B) ya yarda da shi ga busassun da ba su wuce kVA 50 ba, muddin ana iya kaiwa gare su kuma iska na ratsa su. Gaban fanel an bar ƙafa 3 zurfi, inci 30 faɗi, ƙafa 6.5 tsawo. Wurin nan ne masu shago ke son jibge kwandon tawul da katan ɗin man shafawa.

Ɗakin gado ba ya cikin wuraren da sashe na 210.8(B) ya wajabta wa GFCI, na'urar da ke katse wuta idan miliamfiya 4 zuwa 6 ta zurare. Gadajen ma an haɗa su kai tsaye ne ba da fulogi ba. Inda aka sa ta: banɗaki, ɗakin wanki, duk soket da ke cikin ƙafa 6 daga wurin wanke hannu, da soket ɗin kan rufi da dole ya kasance cikin ƙafa 25 daga esi. In littafin wani gado ya nemi GFCI, to ta zama wajibi ta hanyar 110.3(B). In kuma tana yawan faɗuwa, a nemi kafasitar da ke yoyo ko danshi a mazaunin fitila, kada a cire ta.

Taima da kontakta

Wannan ɓangaren ba na NEC kaɗai ba ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tana da ƙa'ida mai lamba 21 CFR 1040.20 da ta ce kowane gado ya kasance da taima, kuskurenta kada ya wuce kashi 10 na mafi tsawon lokacinta, kuma in aka katse haske kada ta koma farko ta ba da fiye da abin da ya rage. Dole kuma wanda ke kwance ya sami maɓallin kashewa da hannunsa ba sai ya zare fulogi ba. A 2014 hukumar ta ɗaga injinan zuwa rukuni na 2 na kayan lafiya, ta sa a manna gargaɗin cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 18 ba ne.

A shago ana ƙara taimar nesa da ake sarrafawa daga teburin karɓar baƙi. Wayarta ta ƙaramar wuta ce, sashe na 725.136 ya hana ta shiga bututu ko akwati ɗaya da wayar gado. Ban da doka ma, in ta bi gefen wayar wuta da cok, allon tebur ya riƙa nuna ɗaki a kunne alhali a kashe yake. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a haɗa ta yadda taimar cikin gado da maɓallin mai kwanciya za su ci gaba da aiki. Akwai masu gyara da ke tsallake taimar ciki don ta daina "rikici" da ta tebur. Wanda ya yi haka ya mayar da gadon abin da ba shi FDA ta amince da shi ba.

Taima ba ta katse amfiya 38 da kanta, kontakta take umarta, wato maɓallin da maganaɗisu ke ja ya haɗa wuta ko ya yanke ta. A nan matsalar 208 ke dawowa ta bayan gida. Naɗin kontakta na 230 ne. In wuta ta yi ƙasa ba ya jan ƙarfen da ƙarfi, bakin ya riƙa karkarwa, kowace karkarwa tartsatsi ce, ga kafasitoci da ke zuƙar wuta mai yawa a lokacin kunnawa. Wata rana bakin ya narke ya manne. Taima ta ƙare, allon tebur ya ce an gama, fitilu kuwa suna ci, mai kwanciya kuma barci ya ɗauke shi. Maɓallin kashewa ma ba zai yi aiki ba, domin shi ma kontaktar yake umarta. Makatsin ɗaki ne kaɗai zai kashe gadon, kuma wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na sa shi a inda ma'aikaciyar shago za ta kai hannu, ba a saman silin kusa da taransifoma ba. Kontaktar da ta fara ƙugi ko bakinta ya yi baƙi canza ta ake yi, ba a goge ta da fayil.

Ranar duba aiki

Sifeto ya tsaya a kan abu uku. Ɗaya daga cikin matsakaitan gadajen na hannu ne da aka shigo da shi daga Turai, tambarin CE kawai gare shi. Wannan tambari shaidar mai ƙera kaya ce a kan kansa, ba ya maye gurbin na ɗakunan gwajin da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta amince da su, irin UL da ETL da CSA. Zaɓi biyu ne, a kira ɗaya daga cikinsu ya gwada injin a wurin ya manna takarda, ko a mayar wa dillali. An mayar. Na biyu, jerin sunayen brekoki an rubuta "gado" sau takwas, alhali sashe na 408.4 yana son kowanne ya bambanta, don haka aka sake rubutawa da lambar ɗaki, aka manna irin lambar a makatsi da taransifoma. Na uku, katangun ɗakunan sun tare hasken fitilar gaggawa ɗaya tilo da ke zauren, aka ƙara biyu masu batirin minti 90 a lungun.

Gwajin ƙarshe da komai a kunne aka yi shi, gado takwas, esi uku, injin busarwa. Awon da aka yi gado a kashe ba ya nuna komai, tunda ba zubewa a waya. An auna bolt a bakin kowane gado, aka sami 221 a ɗakunan ƙarshe, 226 a na kusa. An auna amfiya a fes uku na shigar wuta, an ɗaure kowace sukuru da ma'aunin ƙarfin ɗauri kamar yadda 110.14(D) ya nema, bayan awa ɗaya aka bi fanel da makatsai da kyamarar zafi. An saita kowace taima a minti biyu aka tsaya da agogo, sannan aka danna maɓallin cikin kowane gado.

A zanen mai shagon akwai ɗaki na tara da ta bari don ƙarin gado in kasuwa ta buɗe. Ta fuskar wuta akwai wuri: an ci 368 cikin 400, ƙaramin gado da ninkin 1.25 zai ƙara 16. Sanyi ne babu. Tan 20 ke kan rufi, gadaje sun ɗauki 14.9, ginin ya ɗauki 5, ƙaramin gado ɗaya kuma yana bukatar tan 1.2 nasa. An ja masa bututu babu waya a ciki, aka toshe bakinsa, ɗakin ya zama ma'ajiyar tawul.